Ɗakin da Sista Ta Tambaya

Ko zan manta da komai a duniya, ba na jin zan manta da makon da tsohuwar Sista ta sauka a gidanmu a Gyadi-Gyadi, kan hanyarta ta komawa ƙasarsu. Har yau in na tuna, gajiyar makon nan nake fara ji a gadon bayana kafin baƙin cikin ya iso.

Sista Baturiya ce 'yar ƙasar Ayalan, kuma in kana son ganin ɓacin ranta, ka ce mata 'yar Ingila. Tun tana budurwa ta zo aikin mishan, ta zauna a wani ƙaramin asibiti can wajen garinmu a Kudancin Kaduna, tana karɓar haihuwa tana koyar da ungozomomi. Mamata na cikin ɗalibanta, ni kuma a hannunta na faɗo duniya. An ce a ƙasarsu sananniya ce, jaridu sun sha buga labarinta, har lambar yabo aka ba ta. Mu dai abin da muka sani shi ne tsohuwa mai faɗa a kan wanke hannu, mai shan shayi ko rana ta take, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni daɗin ji.

Da tsufa ya kama ta, gwiwa ta ƙi, zuciya ma ta fara ba da wahala, sai manyansu suka ce ta koma gidan tsofaffin Sistoci a Ayalan, sai fa in akwai wani gida a nan da zai karɓe ta ya kula da ita har ƙarshe. Ba ta son tafiyar ko kaɗan. Amma wannan sharaɗin ba mu san da shi ba a lokacin, don Sista ta iya ba da umarni, ba ta iya roƙo ba. Daga Kano jirginta zai tashi, shi ya sa wata ƙaramar Sista ta rako ta wurin Mama, wadda ta yi ritaya a nan.

Kafin ta huta gajiyar mota labari ya bazu. Matan garinmu mazauna Tarauni da Unguwa Uku da Darmanawa suka fara sallama, wata a hannun Sista aka haife ta, wata kuma 'ya'yanta. Ni kuwa aka bar ni da kicin. In je makaranta in koyar da safe, in dawo ko takalmi ban cire ba in ɗora tukunya. Na dafa shayi a makon nan har na tsani ƙamshinsa.

Kowace kuma da tsarabarta. Acha, citta, daddawa, busasshiyar kuɓewa, zuma a galan, atamfofi. Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa ganin Sista ba sai makon, ta aiko da kilishi da turaren wuta. Duk wadda ta ajiye nata sai ta durƙusa ta ce, "A kai wa mutanen gida, a gaishe mana da su." Sista ta ce sun gode.

Sai kun san mu za ku gane. Mu mutane ne da ko a Legas namu ya mutu, sai mun ɗauko gawarsa mun kai ƙauye an binne shi kusa da iyayensa. A wurinmu ba abin tausayi kamar mutum ya ƙare a ƙasar wasu. Saboda haka murna muke taya Sista da zuciya ɗaya, muna ganin Allah ya yi mata gata.

Ana jibi za ta tafi, da la'asar baƙi sun ɗan lafa, ina tsince shinkafa a tsakar gida, ita da Mama suna zaune a baranda. Na ga ta daɗe tana kallon ɗan ɗakinmu na baya.

"'Yata," ta ce da Mama, "ɗakin can, wa ke kwana a ciki?"

"Ba kowa, Sista. Tarkace ne kawai."

"Tagarsa tana da kyau, iska na shiga. Tsohuwa ba ta bukatar abin da ya fi haka."

Mama ta yi dariya. "Haba Sista, Allah ya kiyaye. Wahalar da kika sha a kanmu ta isa. Ki je gida ki huta, in lokaci ya yi a kwantar da ke kusa da iyayenki. Wa zai tare ki a wannan zafin?"

Sista ta juya ta dubi tulin tsarabar da ke falo. "Wannan kayan fa, wa zan kai wa? Yayyena sun mutu. Ƙanena na ƙarshe an binne shi ban je ba. Gidan da aka haife ni ma an sayar."

"Ba za a rasa 'ya'yan 'yan uwa ba," in ji Mama.

"To, shi ke nan," Sista ta ce. Sai ta tambaye ni ko da sauran ruwan zafi.

Duk a kunnena aka yi, amma ni ma na ɗauka irin yabon da baƙo ke yi wa gida ne, na ci gaba da shinkafata.

A filin jirgi aka ce kayan sun yi nauyi, abincin ma ba za a bari ya shiga ƙasarsu ba. Atamfa ɗaya kawai ta zara. Ta rungume Mama, ta ja mini kunne a kan ramar da na yi, aka tura ta a keken marasa lafiya. Muna hanyar dawowa ƙaramar Sistar ta ce, "Mama, na ɗauka ta yi muku maganar zama. An ce mata in ta sami gida a nan za a bar ta." Tsarabar kuwa, da muka rasa inda za mu kai ta, a ɗakin bayan nan muka jibge ta.

Mama ta yi ta bin manyansu a dawo da ita. Aka ce likitocin can sun hana, zuciyarta ba za ta sake ɗaukar jirgi ba.

Bayan damina ta wuce aka kira mu a waya ta bidiyo. Wata nas ce Bayarabiya da ke aiki a gidan tsofaffin. Ta ce tunanin Sista ya fara gushewa, Turanci ya kuɓuce mata gaba ɗaya, sauran ma'aikata sun ɗauka surutai take yi. Ita ce ta gane Hausa ce, amma ba ta jin ta. Ta juya wayar. Ga Sista a kujera, ta yafa atamfar nan a kan rigar sanyi, ta ƙanƙance.

"Sista, ina wuni?" Mama ta ce.

Fuskarta ta washe. "'Yata, ke ce? Mutanen nan suna da kirki, amma ba mai gaishe ni. Kun share ɗakin? Na gaji da baƙunta, yaushe za ku zo ku mai da ni gida?"

Mama ta ce an kusa. Da aka kashe wayar ta tashi da ciwon bayanta ta ɗauki tsintsiya. Ta fitar da tarkacen da ragowar tsarabar, ta share ɗakin, ta sa gado da labule, alhali ta san ba mai zuwa. Ban hana ta ba, na riƙe mata bokiti.

Sista ta rasu kafin Kirsimeti. An binne ta kusa da iyayenta, daidai yadda muka yi mata fata.

Abin da na koya shi ne, alherin da kake so wa kanka ba lallai shi wani ke nema ba, kuma mai nauyin baki sau ɗaya yake roƙo, shi ma a kaikaice. Tun daga ranar, in tsoho ya yaba wani abu a gidana, nakan ajiye abin da ke hannuna in zauna in tambaye shi me yake nufi.