Malam Mu'awiya Ɗanmusa, Mai Wasiƙar Alhamis

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Malam Mu'awiya a garin Anka cikin daminar shekarar 1957, a gidan Malam Ɗanmusa manomi da maiɗakinsa Inna Adama. Masu riwaya sun saɓa a kan watan haihuwar, amma sun haɗu a kan cewa tun yana yaro bai iya isar da aike a taƙaice ba. Idan Inna ta tura shi maƙwabta aron turmi, sai ya gaida mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar awaki, ya dawo gida cikin farin ciki babu turmin.

Karatu da Aiki

Bayan karatun allo, an sa shi firamare a shekarar 1965, inda ya zauna benci ɗaya da wani yaro mai suna Sambo, ɗan mutanen Gummi da aka kawo riƙo Anka. Suka ƙulla abota irin wadda ba a gaisawa sai da tsokana. Yana da kyau mai karatu ya riƙe sunan Sambo, domin zai sake fitowa.

A shekarar 1977 aka ɗauke shi akawu a wani ofishin gwamnati, aka ɗora masa alhakin rubuta wasiƙu. Abokan aikinsa sun shaida cewa bai taɓa shiga maganar da ta sa aka yi wasiƙa ba kafin shafi na biyu, kuma a haka ya yi ritaya cikin mutunci a shekarar 2012.

Aure da Zuriya

Ya auri Malama Maimunatu 'yar Bukkuyum a shekarar 1981, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Ita ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli da yajin gidan, kuma da wannan sana'a aka riƙe gida duk lokacin da fansho ya yi nawa. Gyaɗar da take suya kuwa Malam Sambo ke kawo ta daga Gummi a kan babur, domin a lokacin ya zama ɗan kasuwar gyaɗa.

Kafa Shago a Intanet

A shekarar 2018 maƙwabciyarsu Madam Beatrice, malamar kwamfuta a wata sakandare, 'yar asalin Filato wadda ta daɗe a Anka har Hausarta ta koma ta garin, ta buɗe wa Malama Maimunatu shago a intanet, domin 'yan gida mazauna Legas da Fatakwal da Abuja su riƙa saye ana aika musu ta hannun direbobin tasha. Ta bayyana cewa shago irin wannan ba ya tafiya sai da wasiƙar imel ta mako-mako zuwa ga duk wanda ya amince ya ba da adireshinsa. Jin kalmar wasiƙa ke da wuya Malam Mu'awiya ya karɓi aikin, ba tare da an miƙa masa ba.

Shawarar Madam Beatrice ita ce a sa kanu gajere, da hoton kaya, da farashi, a tsaya nan. Shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin rashin tarbiyya, yana mai cewa ba a faɗa wa mutum farashi kafin a tambaye shi yadda iyali suka kwana. Saboda haka wasiƙarsa ta kowace Alhamis takan fara da sallama da gaisuwa, ta bi da labarin ruwan sama da yadda gero ya yi, da barkar haihuwa, da ta'aziyya, sannan a can ƙasa a ambaci ƙuli-ƙuli, idan an tuna. Sau ɗaya aka gwada tsarin Madam Beatrice, sai masu karatu suka yi ta bugo waya suna tambaya ko Malam ba ya da lafiya ne, ko kuwa wani laifi suka yi masa. Daga nan ba ta sake magana ba, kuma ciniki ya buɗe.

Al'amarin Biko

A ƙarshen kowace wasiƙa akwai wurin da mai karatu zai danna ya cire sunansa idan ya gaji. Madam Beatrice ta yi masa bayani cewa wannan ba komai ba ne, haƙƙin mutum ne, kuma ƙa'ida ita ce a ƙyale wanda ya fita. Malam Mu'awiya bai taɓa gamsuwa da wannan bayani ba. A fahimtarsa, wanda ake gaisarwa kowane mako ya ce a daina gaishe shi, gaba ce ya ƙulla, kuma bai halatta a bar gaba ta kwana uku ba. Tun da ba a yarda ya sake aika wa mutumin imel ba, sai ya riƙa neman danginsa a Anka ko Bukkuyum, ya tafi da goro, ya nemi a ba shi haƙuri. 'Yan unguwa suka sa wa wannan aiki suna biko. Akasarin waɗanda suka fita sun dawo, wasu saboda kunya, wasu kuwa saboda iyayensu mata sun bugo musu waya.

Faɗuwar Malam Sambo

A watan Agustan 2020 Malam Sambo ya faɗi da baburinsa da buhun gyaɗa a wani mashigin ruwa kusa da Nasarawa Burkullu. Bai ji ciwo ba, sai dai hularsa ta bi ruwa. Da kyakkyawar niyya Malam Mu'awiya ya sa labarin a wasiƙar wannan mako a ƙarƙashin jaje, tare da cikakken bayanin taɓo da hula, ya kuma nemi jama'a su kira shi su jajanta. Aka kira shi daga Legas, aka kira daga Fatakwal, wani ma daga Jidda, kuma babu wanda ya iya kai jajen ƙarshe bai yi dariya ba. A tarihin shagon ba a taɓa sayen ƙuli-ƙuli kamar wannan makon ba. Washegarin fitowar wasiƙar Malam Sambo ya cire sunansa daga jerin masu karɓar ta.

Wannan shi ne babban abin da ya dami marigayin a sauran rayuwarsa. Malam Sambo bai daina kawo gyaɗa ba, bai daina cin tuwo a gidan ba, kuma ya sha faɗa cewa shi ba ya gaba da kowa. Amma Malam Mu'awiya ya dage cewa muddin sunan yana waje, to gabar tana nan, kuma ba ya son ya gamu da Ubangijinsa a haka. Ya je Gummi biko da kansa, duk da halin da hanya take ciki, ya kuma tura limami. Sharaɗin Malam Sambo ɗaya ne, wato a buga gyara cewa bai faɗi ba. Malam Mu'awiya ya ce a shekarunsa na akawu bai taɓa sa hannu a kan abin da bai faru ba. Duk da haka, kowace Juma'a Malam Sambo yakan aiko da ƙorafi a kan kurakuran wasiƙar da ya ce ba ya karantawa, wadda a wayar matarsa ake karanta masa.

Jinya da Sulhu

A farkon shekarar 2024 ciwo ya kwantar da Malam Mu'awiya, har ya koma yana faɗa Malama Maimunatu tana rubutawa. Malam Sambo ya zo dubiya daga Gummi, ya zauna bakin gado, ya fara da cewa raki ne kawai irin na tsofaffin ma'aikata. Malama Maimunatu, wadda ke wurin, ta ruwaito abin da ya biyo baya.

“Sambo, ka ga dai hanya ta miƙe. Haka za ka bari in tahi sunanka na waje?”

“Kai ka sani, akawu. Ka rubuta ban hwaɗi ba, yanzu in koma.”

“Taɓo har kunne, ga shaidu.”

“Babur ne ya hwaɗi.”

“Kai kana ina?”

“Ina bisa.”

Malam Mu'awiya ya ce wannan kam yana iya sa masa hannu. Wasiƙar Alhamis ɗin nan ta fito da gyara kamar haka: “Bincike ya tabbatar da cewa a mashigin Nasarawa Burkullu babur ne ya faɗi. Malam Sambo yana kansa ne kawai.” Malam Sambo ya sa aka karanta masa sau biyu, ya ce a ƙarshe gaskiya ta yi halinta, ya nemi Madam Beatrice ta mayar da sunansa a gaban majinyacin. Masu jajen Legas da Fatakwal suka sake bugo waya, wannan karon da barka. An manta ba a ambaci ƙuli-ƙuli a wasiƙar ba, amma kayan wannan mako ba su kwana ba.

Rasuwa

Allah ya karɓi ran Malam Mu'awiya Ɗanmusa da hantsin wata Asabar cikin watan Maris na 2024, yana da shekara sittin da shida. An yi masa sallah bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Anka kusa da mahaifinsa. Malam Sambo na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi, kuma waɗanda ke kusa sun ce ya daɗe bai fito ba.

Ya rasu ya bar matarsa Malama Maimunatu, wadda ta ci gaba da wasiƙar bisa tsarinsa, gaisuwa a sama ƙuli-ƙuli a ƙasa. Ya bar 'ya'ya huɗu: Hamza, ma'aikacin lafiya a Gummi, Lubna, tana aure a Bukkuyum, Auwalu, mai kai kaya tasha, da Khairat, auta, tana karatu. Ya kuma bar masu karatu da dama a ciki da wajen ƙasar nan, babu ɗaya da yake gaba da shi, cikinsu har da Malam Sambo na Gummi, wanda bai sake cire sunansa ba, kuma har yau bai taɓa sayen ƙuli-ƙuli ko na ɗanɗano ba.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya tarar da sunansa a cikin waɗanda aka yi wa rahama.