Igiyar Gwaggo Habsu

Duk wanda ya taso a unguwarmu a Matameye ya san akwai safiya ɗaya a shekara da ba a jefa guga a rijiyar gindin gawo sai Gwaggo Habsu ta ce a jefa. Ranar da aka ga shamuwar farko ta sauka, to washegari da an sallame asuba za ka iske ta zaune a bakin rijiya, ta miƙe ƙafafu, shuɗiyar igiyarta nannaɗe a cinya, mata sun jeru da tuluna da jarka suna ƙunƙuni. Mai sauri ta je ta yi saurinta a wani wuri. Ku da kuka san ta ba sabon labari nake ba ku ba, amma ni 'yar ƙanenta ce, a hannunta na girma, kuma akwai abin da na gani da ba kowa ya gani ba.

Igiyar nan ba ta ɗibar ruwa ba ce, wallahi ko ɗigo ba a taɓa ja da ita ba. A bakinta akwai gwangwanin tumatir a kife, da ɗan dutse a ɗaure. Gwaggo za ta riƙa sakin igiyar a hankali, ta karkata kai, ta lumshe ido, har sai ta ji gwangwanin ya ce tuɓul a kan ruwa. Nan take ta danne igiyar da babban yatsa daidai leɓen rijiya, ta soka ɗan ƙyalle a tsakanin murɗin igiyar, ta ƙulle. Ƙyalle ɗaya, shekara ɗaya. Can sama kusa da ƙarshen igiyar akwai jan ƙyalle, shi ne gindin rijiya, wanda ta auna tun tana amarya. Ruwa yana sauka, ƙyallaye suna hawa. Ranar da ƙyallen shekara ya tarar da ja, to rijiyarmu ta ƙafe ke nan. Wannan shi ne abin da ya hana Gwaggo sakat har ta tsufa, tana son a ƙara wa rijiyar zurfi kafin ƙyallayen nan biyu su haɗu.

Kuma ba kowane tsumma take ɗaurawa ba. Sai ta yago daga zanen da ya fi yin tashe a gidanmu a wannan shekarar. Akwai na bikina, mai ruwan goro. Akwai na goyon ɗana na fari. Akwai farin da ta yanko daga rawanin mijinta shekarar da ya rasu. Idan ta shanya igiyar a tsakar gida iska na kaɗa su, ni sai in ga kamar duk mutanen gidanmu ne, rayayyu da matattu, suka fito suka yi sahu. Ita kuwa ta ce mini ruwan ƙarƙashin ƙasa matafiyi ne, ya taso ta wajen Dawce, ya ratsa ta ƙarƙashin kasuwa da masallaci da gadajen mutane ba wanda ya sani, a rijiyarmu kawai yake ɗaga kai ya dubi sama. Ta ce lokacin da aka kawo ta amarya, in ta leƙa tana ganin zanen da ke jikin ɗankwalinta a cikin ruwan. Daga baya sai dai ɗan haske can ƙasa, bai fi bakin ludayi ba.

In ka yi mata gardama, amsa ɗaya gare ta: "Ni ban ce komai ba, igiya ce ta faɗa." Da wannan ta gama da malamai, ta gama da 'yan boko, ta gama da mahaifina, Baba Idi, wanda shi ne ya fi kowa cewa yayarsa ta samu taɓin rijiya.

Shi Baba Idin ne ma ya jawo babbar musibar. Wata ranar kasuwa ya sayo akuya, ya rasa abin ɗaure ta, Gwaggo ta tafi barka, sai ya hangi igiya a rataye a ƙusa. Ya ce a ransa ai igiya igiya ce. Kafin ta dawo akuyar ta tsinke ƙyalle uku ta haɗiye, tana cikin taunar na huɗu. Jama'a, sai ga Gwaggo ta shigo. Ta kwance akuyar, ta zauna ta ƙirga ƙyallayenta sau biyu, sannan ta dubi ƙanenta, dattijo da furfurarsa.

"Idi, akuyarka ta cinye mini shekara uku."

Ya ce a yi haƙuri, a samo wasu tsummokara a mayar, ai ana ganin wurin. Ta ce ita ba ta ɗaura abin da kunnenta bai ji ba, wurin zai zauna haka nan fayau. Wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa sai da ka. Akuyar kuwa har aka yanka ta da layya ba mai kiran ta da wani suna sai Shekara Uku, kuma Gwaggo ta ci naman, ta ce haƙƙinta ne take karɓa.

To, wata rana ta ji a rediyo cewa zaman da konseye, wato kansiloli, suke yi a meri, ofishin magajin gari, ba a hana talaka shiga, kowa na iya zuwa ya saurara. Shi ke nan, an buɗe mata ƙofa. Duk zaman da za a yi sai ta yafa mayafi, ta sa igiya a kwando, ta ce in raka ta. Ni da 'ya'yana uku da aikin gida, amma wa ya isa ya ce mata a'a? Mu zauna a bencin baya, su yi ta magana rabi Hausa rabi Faransanci, kan hanya, kan shara, kan rumfunan kasuwa. Gwaggo ta ci ayarta, gyangyaɗi ya kwashe ta, can ta farka ta zungure ni ta tambaya ko an zo kan rijiya. Ba a taɓa zuwa ba. Ina faɗa muku gaskiya, kunya nake ji. Ina ganin yadda masu gadi ke taɓa juna in sun hango mu, har na taɓa yi mata ƙaryar ciwon kai don kada in bi ta, kuma yau wannan ƙaryar tana ci mini rai.

Konseyen unguwarmu, Malam Issufu, mutumin kirki ne amma mai tsoron fitina, ya ja ta gefe ya gaya mata cewa mai sauraro ba ya magana a cikin zama, doka ce. Ta ce ta ji. Zama na gaba, ana tsakiyar muhawara, sai ta tashi ta ba ni bakin igiyar mai gwangwani ta ce in tsaya a ƙofa. Ta riƙa warwarewa tana tafiya da baya, ta bi tsakanin kujeru, ta wuce ta gaban teburin magajin gari, igiya ba ta ƙare ba, ta miƙa wa wani ta taga ya ja waje. Sai ga ƙyallaye suna lilo a gaban hancin manya. Magajin gari ya cire tabarau ya ce, Inna, mene ne wannan, ba a gaya miki ba a magana a nan ba?

"Ranka ya daɗe, ka ji na yi magana?"

Da aka gama dariya ya ba ta izini ta yi bayani. Ta nuna masa ƙyallen bara, ta nuna masa ja, tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. Ya ce ya gane, amma yanzu gari yana da famfo, kuma aikin rijiya ba ya cikin tsarin bana. Gwaggo ta fara naɗe igiyarta a gwiwar hannu, ba ta ko dube shi ba, ta tambaye shi ranar da famfo ya ɗauke, jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake turowa a kura daga gidansa, ina ake cika su. Ya mayar da tabaraunsa, ya ce a rubuta maganar rijiya a takarda.

Takarda dai ta yi tafiyarta irin ta takarda. Sai da shamuwa ta zo ta koma, sannan aka turo wani ma'aikacin ruwa daga Damagaram, mutum mai sanyin murya, da na'urarsa mai kama da tef ɗin tela, wadda ke yin ƙara in ta taɓa ruwa. Ya zo zai zura, Gwaggo ta ce ya dakata, ba a auna rijiya bayan an ja ruwa, ya dawo gobe da asuba. Bawan Allah ya kwana a gari ya dawo. Ta zura tata, ya zura tasa. Ta sa shi ya maimaita har sau uku. Aka gwada tsawon biyun a ƙasa, bambancin bai kai faɗin yatsa ba. Ta juya na'urar a hannunta, ta miƙa masa.

"Ba laifi, abin nan naka yana ƙoƙari."

Daga nan ya shimfiɗa igiyar a inuwar gawo, ya durƙusa da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, yana auna kowane ƙyalle yana tambayar shekararsa. Ita kuwa ba ta san shekara da lamba ba. Wannan na shekarar da fara ta cinye hatsi, wannan na shekarar da Mariyama ta yi aure, wato ni, wannan na shekarar da katangar masallaci ta faɗi. Mata suka taru ana gardama ana tuna masa, har ya jera su duka. Da ya zo wurin da ba ƙyalle ya ɗaga kai, ta ce ya rubuta akuya. Ya ɗauka wasa take yi, ta ce to me zai rubuta, ƙarya? Na gani da idona ya rubuta, sau uku, layi bayan layi. In takardar nan tana nan a meri, akuyar Baba Idi tana ciki.

Da ya gama ya ce mata, a duk yankin nan bai san wata rijiya da aka bi ruwanta shekara da shekaru haka ba, kuma abin da ke cikin igiyarta ba shi da shi a cikin takardunsa. Na jira in ji ta ce igiya ce ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta sunkuyar da kai tana shafa farin ƙyallen rawanin mijinta, na ga hawaye ya sauko mata ta gefen hanci. Ni kuwa sai a ran nan na gane duk shekarun da muke mata dariya, ita kaɗai take ɗauke da tsoron ƙishirwarmu.

Aiki bai zo nan da nan ba. Shamuwa ta sake zuwa, saura yatsa huɗu. Ta sake zuwa, saura biyu. Guga ya fara fitowa da laka, mata na jira ruwa ya taru kafin su ja. Gwaggo ta rame, ƙafa ta ƙi, amma ba ta fasa zuwa meri ba, sai dai yanzu a kan amalanke, kuma ni nake riƙe kwandon ba tare da an roƙe ni ba. Ba ta ƙara cewa uffan a cikin zama ba. Takan ɗaga yatsu biyu kawai duk lokacin da magajin gari ya dubi bencin baya, har ya daina duban wajen.

A ranin bara maginan rijiya suka iso da zobban siminti. Suka yi kwanaki suna haƙa, suna fito da yashi mai sanyi, fari tas, yara na wasa a kai. Ranar da suka gama aka ɗauko Gwaggo a kujera. Ta ce a cire gwangwani a bar dutse, za ta nemi gindin rijiya. Ta saki igiya, jan ƙyalle ya wuce leɓen rijiya ya shige ciki, ta ci gaba da saki har igiyar ta ƙare a hannunta, dutse bai taɓa ƙasa ba. Kowa na jiran ta yi guɗa. Sai ta ɗaure fuska, ta dubi Malam Issufu.

"To ga shi nan, kun ɓata mini igiya."

Amma ta daɗe tana leƙen rijiyar, har na riƙe mata kafaɗa don kada ta zame. Ranar kasuwa ta aike ni na sayo ƙarin igiya, ta ce shuɗiya, in ba shuɗiya ba kada in dawo. Da hannunta ta haɗa su, da hannunta ta mayar da jan ƙyalle sabon wurinsa, can nesa da sauran. Ta rataye ta a ƙusa. Bayan an gama girbi ta kwanta, kwana shida, Allah ya karɓi abarsa.

Bana da na ga shamuwa a kan gawo, ban gaya wa kowa ba. Washegari bayan asuba na ɗauki kwandon, ina cewa a raina ai na makara, yanzu an riga an dama ruwan. Da na karyo kwana sai na iske mata sun jeru da tuluna da jarka, guga duk a bushe, ba wadda ta jefa. Ba wanda ya ce su jira. Suka matsa suka ba ni hanya, har wata na ƙunƙuni wai in yi sauri tana da tuwo a wuta. Na zauna inda take zama, na lumshe ido, na saki igiyar har na ji tuɓul. Ruwan ya ƙara sauka da yatsa ɗaya. Na ɗaura ƙyallen da na yago daga ɗankwalinta, kuma zaman meri na gaba ina bencin baya da kwandona.

Allah ya jiƙan Gwaggo Habsu, ya sanyaya makwancinta, ya yafe mana dariyar da muka yi mata. Yadda ta tsaya mana a kan ruwa, Allah ya shayar da ita daga Alkausara, inda ba za ta ƙara buƙatar igiya ba. Amin.