Sunan da Baba bai taɓa rubutawa ba

Shekara tara ke nan da muka rasa Baba. Malamin gona ne, ya ƙare ƙarfinsa a fadamar Zauro yana koya wa mutane noman shinkafa. Dukiyar da ya bar mana a gidanmu na Gwadangaji ba ta wuce tsohuwar tafireta da akwatin ƙarfe cike da takardu ba. Kusan kullum sai ya zauna ya buga abin da ya faru: ranar da gulbi ya kawo ruwa, irin da aka shuka, wanda ya yi zazzaɓi a gida, wanda ya ci jarrabawa.

Bara na buɗe akwatin, na tarar gara ta fara yi mana ɓarna. Wata abokiyar aikina ta nuna mini manhajar da ake ɗaukar hoton takarda da waya, ta gane haruffan, ta mayar da su rubutun da za a iya nema a ciki. Na yi ta ɗauka har na gama. Inda danshi ya taɓa, sai ta yi ta shirme, in zauna in gyara da hannu. Nakan ce da Baba na nan, shi da yakan ɓata wuni yana neman takarda ɗaya yana zargin kowa da taɓa masa kaya, da sai ya ce wayar ma ƙarya take yi, sannan ya karɓe ta ya hana kowa.

Na rubuta "ambaliya", shafuka suka fito. Na rubuta Nasiru, ƙanena, ga shi nan tun daga ranar sunansa. Sai na rubuta sunana, Hadiza. Babu. Na sake, na canza rubutun, babu.

Ni ce 'yar fari, kuma na san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, don kunya. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Amma duk shekarun nan ina raya wa kaina cewa takarda ba ta da ido, a nan dai ya sake da ni. Ranar na yi kuka fiye da na ranar jana'izarsa, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

Na ɗauki abin a raina har Argungu, wurin Gwaggo, yayarsa. Ta saurare ni, ta yi tsaki.

"Ke ɗiyag ga, duk bokonki? Mutumin da bai hwaɗi sunanki da baki ba, shi za ya rubuta shi? Mi yaka ce miki in yana nemanki?"

Na ce, "Wagga." Haka yake cewa, ku kira mini wagga, wato wannan. Ina yarinya kalmar tana ba ni haushi ƙwarai.

"To nemi wagga."

Na rubuta a gabanta. Shafukan suka yi ta zubowa, na ja na ja ba su ƙare ba. Wagga ta fara tafiya. Wagga ta yi ƙyanda, ban je fadama ba. Wagga ta tafi makarantar kwana, gidan ya yi shiru. A sauran rubutunsa Hausar boko yake yi, nan kaɗai ya bar harshen gida, kuma kowanne da babban harafi ya fara shi.

Ban san me zai ce ba da ya ga na'ura ta tona abin da ya yi shekaru yana rufewa. Ina jin zai sunkuyar da kai ya koma zancen shinkafa. Tafiretar ta yi tsatsa, takardun ma gara za ta ƙarasa su wata rana, amma rubutun yana hannun kowannenmu yanzu. 'Yan'uwana suna neman sunayensu. Ni kuwa, idan kewarsa ta taso mini, wagga nake rubutawa. Allah ya jiƙanka, Baba. Na amsa kiranka.