Hotunan da Na Ɗauke Daga Ƙasa

Ni dai ba a taɓa zargina da yawan tunani ba. Hannuna kan riga kaina isa wurin aiki, sai an gama ɓarna sannan kan ya iso yana tambayar me ya faru. Karatuna bai wuce na sallah ba, shi ma malamin da ya koya min a unguwar Sharafiyya ta Jidda cewa ya yi ladansa na wurin Allah.

A shekarun da Jidda ta fara cika da injuna, na yi aikin farrash, wato shara da dafa shayi, a gidan wani dattijo Ba'armeniye mutumin Halab. Khawaja nake ce masa, yadda Larabawa ke kiran Nasara, shi kuma Hajji yake ce min. Gyaran injinan ɗab'i ne sana'arsa, amma ransa na ɗakin baya, inda ya hana tsintsiyata shiga.

Ɗakin shimfiɗe yake da hotuna a ƙasa, layi-layi, daga bakin ƙofa har bango. Hotunan shafukan wani tsohon littafi ne, rubutun kamar ƙugiyar kamun kifi. Kullum yana tsugune a kansu da gilashin ƙara girma, ya kai wannan can, ya dawo da wancan nan. Ni kuwa na baza a wurin shan gahawa cewa khawajana boka ne, aljanu yake wa jeri. Na sha shayin mutane da labarin nan.

Wata rana na miƙa masa shayi daga bakin ƙofa na ce, "Ya Khawaja, aljanun ba su amsa ba har yanzu?"

Ya yi dariya. Ya ce littafin na Yahudawan da can ne, labarin Annabi Adamu bayan fitarsa daga Aljanna. Na asalin ya ɓace, amma kakanninsa sun juya shi zuwa harshensu, ya tsira a wajensu. Ɗinkin littafin ya tsinke tuntuni, shafuka suka cakuɗe babu lamba, a haka aka ɗauko masa hotonsu. Kusan shekara ke nan yana neman wanne ke bin wanne.

"Ga yana tana rufe min ido, ya Hajji. Likita ya ce in yi sauri."

Maganar ido ba ta shige ni ba. Abin da na ji shi ne Annabi Adamu a ƙasa, mutum na tsallake shi da safa, kyanwa na ratsawa. Mu da ko guntun jarida muka gani a titi sai mun ɗauka mun cusa a ramin bango, don gudun taka sunan Allah. Abin ya yi ta cina.

Ranar da aka kira shi gyara, na yi alwala na shiga. Na tattara su tas, na goge kowanne da bakin rigata. Don a san ni ma na iya tsari, masu duhu na haɗa su wuri guda, masu haske wuri guda. Na naɗe a sabon farin ƙyalle, na yi musu turaren wuta, na ɗora saman dulab, wato kabad. Na wanke ɗakin, na zauna jiran yabo.

Da ya dawo ya daɗe tsaye a bakin ƙofa.

"Ina suke?"

Na nuna sama ina washe baki. "Halas, an gama, ya Khawaja, an mutunta su."

Bai yi faɗa ba. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Zama ya yi a kan simintin da bai bushe ba, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Washegari ya sake farawa, wannan karon a kan teburan da na aro a maƙwabta. Ni ke riƙe masa fitila ko da rana tsaka. Wani wurin ya tuna, wani ya ɓace masa. Kafin hajji ta zagayo ba ya ganin layi. Bai kai rabi ba, 'yarsa ta zo daga Beirut ta tafi da shi.

Ni na ɗaure kaya. Da na zo kan hotunan na ja baya, na ce 'yar ta ɗauka. Khawaja ya ce a'a, ni zan naɗe. Ina naɗewa yana gaya min Yahudawan nan ma haka suke: takarda mai sunan Allah in ta tsufa ba sa yar da ita, ɗaki suke ware mata su yi ta zubawa ba tsari. A irin ɗakunan aka tsinci da yawa daga abin da masana ke karantawa yau.

Mota na jira a waje. Ya lalubo kafaɗata ya dafa, na sunkuyar da kai.

"Ba don irinku ba, ya Hajji, da babu abin da ya iso gare mu. Ba don kai ba kuma, da na gama."