Tambayar da ya yi mini a tasha

A shekarun da zargina suka addabi hanyoyin Mayo-Rey, ina fataucin atamfa daga Garwa zuwa kasuwannin wajen Rey Buba. Zargina shi ne sunan da muke kiran masu tare hanya. Motar da nake bi babbar mota ce koriya, mai tuƙa ta kuma mijin ƙanwata ne. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma tun ranar da aka ɗaura musu aure yake ce mini Yaya don tsokana.

Direbobin hanyar nan suna da wata al'ada. Kafin mota ta tashi, direba zai zagaya ya tambayi fasinja: "Wa ke da ƙarfe?" Mai wuƙa ko takobi ko bindigar farauta sai ya ba mai shayin tasha ajiya har ya dawo. Sun ce ɓarayi ba su san fasinja ba, mota suka sani da mai tuƙa ta. In an tare ku, kowa ya kwanta rub da ciki, kada ya kalli fuskar kowa, a ɗebi abin da za a ɗiba, ku tashi da ranku.

Ni wannan al'ada tana ƙona mini rai. An taɓa kwantar da ni a kan kwalta mai zafi, wani ya taka mini wuya da takalmi, na dawo gida na kasa haɗa ido da matata. Bayan nan na sayi ƙaramar bindiga a hannun wani mutumin Cadi, na sa tela ya yi mini aljihu a cikin 'yar ciki.

Ran nan da safe mijin ƙanwata ya zagayo kamar kullum, ya tsaya a gabana yana dariya.

"Yaya, kai fa? Ko allurar ɗinki ce a fito da ita."

Na ce, "Ni da ko kaza ba na iya yankawa?"

"Wannan gaskiya ne. Ƙanwarka ta ba ni labarin zakaran da ya kore ka."

Aka yi dariya, na hau na zauna a gaba kusa da shi, ƙarfen yana taɓa haƙarƙarina.

Da hantsi muka iske gungumen itace a gicciye a hanya, inda ciyawa ta fi mutum tsawo. Suka fito fuskokinsu naɗe da rawani. Ɗaya ne kawai ke da bindiga, sauran adduna. Muka sauka muka kwanta. Akwai wani dattijo Bafulatani mai sayar da shanu da ya ƙi sakin jakarsa. Suka doke shi har ya daina magana, bai saki ba. Na ɗaga kai, abin da aka hana, na ga ɗayansu ya ɗaga adda da hannu biyu a kan wuyan tsohon.

Ban san lokacin da na zaro bindigata ba. Na harba, mai addar ya faɗi yana riƙe da cinyarsa. Na sake harbawa sama. Ina jin sun ɗauka akwai soja a cikinmu, don jan ɗan'uwansu suka yi suka shige ciyawa.

Mutane suka yi ta kabbara. Wata mata ta kama hannuna tana kuka tana sa mini albarka. Shi kuwa mijin ƙanwata ya kawar da itacen, ya tayar da mota, muka yi nisa. Can ya ce, idonsa na kan hanya:

"Yaya, kai gobe kana shagonka. Ni kasuwa mai zuwa ina nan wurin, da wannan koriyar motar."

Na ce, "Da sun yanka tsohon nan a gabanmu."

"Na sani. Ban ce ka yi laifi ba. Da dai ka gaya mini a tasha."

Jandarmomi suka karɓe bindigar, suka wahalar da ni a kan rashin takarda, amma babbansu ya ce kare rai na yi. Malamin unguwarmu ma ya ce shari'a ta yarda mutum ya kare ransa da na ɗan'uwansa. A kasuwar Garwa har nuna ni ake yi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan.

Na je na sami mijin ƙanwata yana wanke mota, na ce ya huta da hanyar nan, ko in biya a sake mata fenti. Ya ce motar ba tasa ba ce, fuskarsa kuma ba ta fentuwa. Ya ce yara ba su san hutu ba, tuwo suka sani. Ya watsa mini ruwa a ƙafa, ya ce in matsa kada jarumin gari ya jiƙe.

Ya je ya dawo lafiya, ya sake zuwa ya dawo, har na fara sakin jiki. Kafin damina ta ƙare zargina suka tare shi a wancan wurin dai. Fasinjojin da suka kawo gawarsa sun ce ba a taɓa kayan kowa ba. An ce su juya baya, aka fitar da shi shi kaɗai.

Ni na shiga kabari na karɓe shi.

Tsohon nan Bafulatani ya rayu shekaru masu yawa. Duk kaka sai ya zo ƙofar shagona da ƙwaryar man shanu, ya durƙusa ya yi mini gaisuwar girma ta Fulani, ya ce, "Barkama, ɗana." Ya aurar da jikoki, ya je Makka. In na gan shi sai in ce ban yi kuskure ba. In na shiga gidan ƙanwata na ga 'ya'yanta suna cin abinci shiru, sai maganar ta kasa tsayuwa. Har yau masu tambayata ko daidai ne mutum ya zaro bindiga in an tare shi, ina ce musu malamai sun ce daidai ne, kuma ban fi su sani ba. Abin da na sani shi ne na zaɓar wa wani mutum abin da bai zaɓa ba, alhali ya tambaye ni.

Ƙanwata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na ɗauki nauyin yaran, tana godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Sai bayan ta aurar da autarta, muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce:

"Yaya, ran nan ya zagaya motar kamar yadda ya saba?"

Na ce, "Ya zagaya."

"Ya tambaye ka?"

"Ya tambaye ni."

"Me ka ce masa?"

Na gaya mata, har da zancen kazar. Ta yi ɗan murmushi, ta ce ai ita ta ba shi labarin zakaran. Sannan ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki, ta saki labule. Na zauna a wurin har aka kira la'asar, ba ta fito ba.