Darar da Ba Ta da Sarki

A kasuwar Baleyara na ga darar Turawa, mai doki da sarki, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Ranar da na kai mishi irinta, ina ta zuba bayani: daga Indiya ta taso, Larabawa sunka yaɗa ta. Ya jujjuya sarkin a hannunsa mai warin taba.

"Ɗana, in wannan ya faɗi shi ke nan, an tashi? Tamu ba sarki, kowa tsinke ne."

Ya share rairayi gindin gawo da tafin hannu, ya tona gurabu, ya cinye ni.

Yau 'yan bindiga sun watsa ƙauyenmu, ba mai dara gindin gawon nan. Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, tunda mu ko hanyar kabarinka ta gagare mu.