Mati da Daɓen Inna

Ranar an kwana ana ruwa, gari ya waye luf, kwaɗi na ta kuka a bayan tashar jirgin Funtua. Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai. Ni magini ne lokacin, na tafi gidan Alhaji Isyaku mai sayen auduga da diga a kafaɗa, zan fasa daɓen ɗakinsa.

Alhaji ya ga katako zagaye da gindin bango a gidan wani Bature, shi ma yana so. Kafintan da ya zo daga Zariya ya jingina katako, sai ga kafa a ƙarƙashi, wani wurin har hannu ke shiga. Kafintan ya ce sai an fasa daɓen an zuba siminti. To, daɓen nan Inna ce, mahaifiyar Alhaji, ta tara mata suka yi shi da makuba, shekara guda kafin ta rasu. Na tarar da Alhaji tsugune yana shafa shi.

Sai ga Mati ya kawo wa matan gida turmi. Masassaƙi ne daga Gozaki, Bamaguje, gajere, ba ya son magana. Ya leƙo, ya tambaye ni me za a yi da diga. Na gaya masa.

Ya ce, "Alhaji, katako ne baƙo a ɗakin nan. Shi ya kamata ya rusuna."

Kafinta ya yi dariya. "Kai mai turmi, ka taɓa riƙe ruwular awo?"

"Ban taɓa ba, Malam. Ara mini zartonka dai."

Mati ya karyo guntun kara, ya ɗaura gawayi a kansa. Ya tsai da katako jikin bango, ya kwantar da karan a ƙasa yana ja a hankali. Inda daɓe ya yi tudu gawayi ya hau, inda ya lotsa ya sauka. Ina tsaye ina kallon ƙasa tana zana kanta a jikin katako.

Ya bi zanen da gizago, kaɗan-kaɗan, har azahar. Bangon ma yana da ciki, ni na gina shi, na sani. Sai ya tsattsaga bayan katakon da zarto, bai ɓula ba, katako ya lanƙwasa ya bi bango kamar tabarma.

Da ya ajiye shi, Alhaji ya zaro tsinken tsintsiya ya bi ƙarƙashi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Bai shiga ba ko'ina. Ya ɗago kai ya ce mini, "Sanda, mai da digarka gida."

Kafinta ya ɗauki karan yana jujjuya shi, ya ce, "Wa ya koya maka?"

"Murfin rumbu. Ɓera ba ya yafe kafa."

Mati bai zauna birni ba, ko da aka roƙe shi. Yanzu yana Gozaki, idanunsa sun yi rauni, ƙotar fartanya kawai yake sassaƙawa.